Bita: Shagon Kakuri da ke juya muryar jita ta koma ta sintesaiza

Mai kaɗa mana fiyano ya samu aiki a Abuja ana saura makonni kaɗan a shiga watannin bukukuwa, ya bar mu mu huɗu, wato mai ganga, da mai bas (jita mai kaurin murya), da mawaƙiya, da ni mai jita. Duk wanda ya taɓa zama a wajen dina ko kamu a Kaduna ya san cewa kunnen jama'a ya riga ya saba da muryar fiyano, domin tun shekarun 1990 ita ce ke ɗauke da mafi yawan waƙoƙin Hausa na situdiyo, kuma abin da muke kira fiyano ɗin nan, in aka bi diddigi, na'ura ce mai ƙirƙirar sauti da lantarki, irin wadda ake kira sintesaiza. Idan aka cire ta daga kiɗa sai a ji wurin ya yi fayau, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Ba mu da halin ɗaukar sabon makaɗi a lokacin, saboda haka aka ɗora mini nauyin cike gurbin da jitar da ke hannuna, kuma wannan ne ya kai ni shagon da nake son yin bayaninsa a nan.

Shagon yana Kakuri, a wani layi da ba shi da nisa da tsofaffin masaƙu, kuma ba shi da allon suna, sai dai mutum ya bi kwatance daga makaɗan coci da na situdiyo waɗanda su ne mafi yawan masu zuwa wurin. Daga Kawo inda nake zaune tafiya ce mai ɗan tsawo, sai an ratsa tsakiyar gari an haye gadar kogin Kaduna. Mai shagon dattijo ne wanda ya faɗa mini cewa a ɗaya daga cikin masaƙun ya koyi aikin lantarki kafin a rufe su, daga baya ya koma gyaran rediyo da amfilifaya, har gyaran ya kai shi ga fedojin jita, wato ƙananan akwatunan nan da ake jerawa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya ana taka su da ƙafa domin sauya sauti. Aikinsa iri uku ne: yana gyara waɗanda suka lalace, yana sayar da na hannu da yake samowa daga Legas da kuma wajen makaɗan da suka gaji da nasu, sannan yana haɗa wa mutum allon fedoji gaba ɗaya, da wayoyinsa da wutarsa. Na ukun ne ya kawo ni, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Na shiga da abu ɗaya a raina, wato Boss SY-1, feda guda wadda kamfanin Boss na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 2019, mai ɗauke da sautukan sintesaiza 121. Da na gaishe shi na faɗi abin da nake nema, sai ya ce yana da guda ɗaya a ajiye, amma bai tashi ya ɗauko ta ba. Ya nuna mini benci, ya ce, “Malam, zauna ka kaɗa mini abin da za ka kaɗa ranar bikin tukuna, in ji hannunka.” Na ce, “Baba, ai ba hannuna ne matsalar ba, murya ce nake so a sauya.” Ya yi dariya ya ce a wannan aikin hannu da murya ba sa rabuwa, kuma zan gani da kaina kafin la'asar. Na kaɗa masa waƙoƙi biyu daga cikin waɗanda muke yi, ya saurara yana kallon yatsuna, sannan ya fara ciro akwatuna daga kanta yana jerawa a ƙasa.

Bayanin da ya fara yi mini shi ne ya fi komai amfani a wannan rana, kuma saboda shi kaɗai ma da na ce tafiyar ta biya. Abin da ke sa kunne ya gane jita, in ji shi, abu biyu ne: ƙarar farko mai kaifi da ke fita a lokacin da aka tsinki tsirkiya, da kuma yadda sautin ke fara mutuwa nan take bayan an tsinka. Sintesaiza kuwa ba ta da tsirkiya, lantarki ne ke haifar mata da sauti, sai ya fito daidai wa daida, ya tsaya muddin yatsa na kan maɓalli. Irin na dā, kamar Minimoog wadda kamfanin Robert Moog ya fitar a Amurka a 1970, sassa uku ne ginshiƙinsu: sashen da ke haifar da ɗanyen sauti mai kauri, da matata wadda ke rage masa kaifi ko ta buɗe shi, da kuma sashen da ke tsara yadda sautin zai taso da yadda zai sauka. Minimoog tana da masu haifar da sauti guda uku da ake iya jerawa wani a kan wani, kuma murya ɗaya tak take fitarwa a lokaci guda. Saboda haka wanda ke son jitarsa ta yi kama da ita, aikinsa shi ne ya samo feda ɗaya da za ta tsaya a madadin kowane sashe, ya kuma jera su bisa tsarin da sassan suke a cikin na'urar. Ban taɓa jin wanda ya shimfiɗa maganar a sauƙaƙe haka ba, duk da shekarun da na yi ina kaɗa jita.

Da fedar oktaf ya fara, wadda ke ƙara wa abin da aka kaɗa wata murya a ƙasansa. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa sau 82 da ɗoriya a daƙiƙa guda, idan aka sauke ta oktaf ɗaya sai ta koma wajen 41, daidai da tsirkiya mafi kauri ta bas, idan aka ƙara saukewa kuma ta koma wajen 20, inda kunnen ɗan'adam ke gab da daina ji. Ya nuna mini Boss OC-5, wadda ta fito a 2020, ya ce tana da yanayi biyu, ɗaya yana bin tsirkiyoyi da yawa a tare, ɗayan kuma yana kwaikwayon tsohuwar OC-2 ta 1982. Shi na biyun ya fi so, kuma ya faɗi dalilinsa. Tsohuwar hanyar ba ta ɗaukar muryar jita ta sauke ta, ƙirga kaɗawar tsirkiyar take yi, duk bayan biyu ta fitar da ɗaya, don haka abin da ke fita daga cikinta sabon sauti ne na lantarki, wanda tun daga tushe ya fi kusa da sintesaiza fiye da jita. Sharaɗinta shi ne murya ɗaya a lokaci guda, domin in aka ba ta biyu ƙirgar ce ke rikicewa. Nan ne maganar hannu ta fito fili, don da na kaɗa yadda na saba, tsirkiyoyin da ban danne ba suka riƙa amsawa, sautin ya riƙa tsalle sama da ƙasa. Ya sa na koma kan maɗaukin sauti na kusa da wuyan jita, na rage kaifi daga mamurɗin jikinta, na ajiye robar kaɗawa na yi amfani da naman babban yatsa, na kuma hau can tsakiyar wuyan maimakon kusa da kai. Nan da nan muryar ta zauna, mai kauri da santsi, irin wadda ake ji a ƙirji kafin a ji ta a kunne.

Bayan oktaf ya sa faz, fedar da ke tura sauti har ya wuce iyakar da'irar lantarkin, a yanke masa kai da ƙafa, ya koma kusan mai kusurwa huɗu in aka zana shi. Wannan siffa tana daga cikin waɗanda sintesaiza ke haifarwa, kuma yankewar tana sa sautin ya daɗe bai mutu ba. Da gangan na tambaye shi me zai faru in aka sa faz kafin oktaf, sai ya juya wayoyin ya bar ni na ji da kunnena, abin ya koma hayaniya mara kan gado, saboda an ba mai ƙirga sautin da ya riga ya cika da ƙananan muryoyi. Ya gwada mini Big Muff na kamfanin Electro-Harmonix da ke birnin New York, wanda Mike Matthews ya kafa a 1968, sannan ya gwada mini wata ƙaramar faz da shi da kansa ya haɗa a cikin akwatin ƙarfe, wadda ya saita ta yadda take datse sauti ƙaf da zarar ya fara rauni. Wannan datsewar ita ce ke kama da ɗaga yatsa daga kan fiyano, kuma ita na zaɓa. Ya ƙara da wata shawara da ta dace da garinmu, cewa in guji faz mai tsofaffin taransistoci na jameniyam, domin halinsu yana sauyawa da zafi, abin da mutum ya saita da sanyin safiya ba shi zai tarar ba da azahar a watan Afrilu.

Matata ce zuciyar al'amarin, kuma a kanta muka fi daɗewa. Faz da oktaf kaɗai suna ba da sauti mai kauri, amma tsaye yake ƙiƙam, ba ya motsi. Matatar da ake bukata ita ce wadda ke sauraron ƙarfin bugun hannu, in an buga da ƙarfi ta buɗe ta saki kaifin sautin, in bugun ya fara sauka ta rufe a hankali, kamar mutum ya buɗe baki ya ce “wa” sannan ya tsuke leɓe. Mu-Tron III da ta fito a 1972 ita ce ta yi suna a wannan fanni, kuma wanda ya ƙirƙire ta, Mike Beigel, shi ne daga baya ya yi aiki da Electro-Harmonix aka fitar da Q-Tron. Sai dai akwai wani ƙulli a nan da ke kayar da masu haɗa allo da kansu. Tsarin sintesaiza ya nuna cewa matata ta zo bayan faz, don ta samu sauti mai yalwa da za ta tace. Amma faz tana daidaita ƙarfin komai, bugu mai ƙarfi da mai taushi su fito kusan ɗaya, saboda haka matatar da ke bayanta ba ta da bambancin da za ta saurara, sai ta buɗe ta ƙi rufewa. In kuma aka sa matatar a gaba, tana jin hannu sarai, amma faz ɗin da ke biye da ita tana mayar da kaifin da aka tace, motsin ya dushe.

Maganin da ya nuna mini shi ne Q-Tron+, wadda ke da ƙofa biyu na musamman a jikinta, ɗaya ta fita ɗaya ta dawowa. Sautin jita yana shiga, sashen da ke auna ƙarfin bugu ya saurare shi tun yana da tsabta, sannan a fitar da shi ya bi ta cikin faz, ya dawo ya shiga matatar. Ta haka matatar tana tace sautin faz amma umarnin hannu take bi. Da ya haɗa wayoyin haka na buga murya ɗaya, sai na ji abin da na zo nema tun safe, sauti mai kauri da ke buɗewa ya lumshe bisa yadda na taɓa tsirkiya. Na daɗe ina maimaita layi guda ina sauya ƙarfin yatsa kawai, shi kuwa ya koma kan wata amfilifaya da yake gyarawa ya ƙyale ni. A ganina wannan haƙurin na barin mai saye ya gwada kaya har ya gamsu, ba tare da an tsaya masa a ka ba, yana daga cikin abin da ya bambanta wurin da shagunan kayan sauti da na saba shiga a cikin gari, inda da ƙyar ake yarda a buɗe kwali.

Sauran aikin shi ne ɓoye ƙarar tsinkar tsirkiya da tsawaita sauti, domin samun irin shimfiɗar nan mai laushi da fiyano ke yi a bayan mawaƙi. A nan bai nemi wani abu mai tsada ba, fedar ƙarar murya ce ta talaka, wadda ake takawa gaba da baya kamar totur. Mutum ya mayar da ita baya, ya tsinki tsirkiya a cikin shiru, sannan ya tura ta gaba a hankali, sai sautin ya taso ba tare da an ji farkonsa ba, kamar yadda muryar goge ke tasowa a ƙarƙashin izga. Boss ta taɓa yin wata feda mai suna Slow Gear da ke yin wannan da kanta, daga 1979 zuwa farkon shekarun 1980, amma ƙafa ta fi ba mutum iko. Don tsawaitawa kuma ya kawo Freeze, ita ma ta Electro-Harmonix, wadda ke cafke ɗan guntun abin da aka kaɗa ta riƙe shi muddin ana so, kamar mai algaita da ke shaƙar iska ta hanci yana ci gaba da busa ba tare da muryar ta yanke ba. Amfaninta a wurina babba ne, domin da yawa daga cikin waƙoƙinmu suna daɗewa a kan tushe guda, sai in riƙe shi da ƙafa in ci gaba da kaɗa amshi a samansa, jita ɗaya ta yi aikin mutum biyu. A ƙarshen layi ya sa koras, mai sa murya ɗaya ta yi kamar biyu da suka ɗan saɓa wa juna, da kuma fedar amsa-kuwwa. Waɗannan biyu ina da su tun dā, dubawa kawai ya yi ya ce su isa.

Sai da muka gama duk wannan sannan ya ɗauko SY-1 ɗin da na zo nema, kuma adalci ne in ce ta burge ni. Tana bin haɗin muryoyi da yawa a tare, ban ji wani jinkiri tsakanin yatsa da sauti ba, kuma ba ta bukatar a yi wa jita wani ƙari. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne in aka tuna cewa Roland GR-500 ta 1977, wadda aka fi ambata a matsayin sintesaizar jita ta farko daga kamfanin Roland, da jitarta ta musamman take zuwa, kuma na'urorin da suka biyo baya sun daɗe suna bukatar maɗaukin sauti mai raba tsirkiyoyi shida ɗaya bayan ɗaya da kebul na musamman mai ƙananan ƙafafu 13 a bakinsa. Sautukan nata an kasa su gida 11, kowane gida da iri 11, akwai na ogan, da na ƙararrawa, da na bas, da na shimfiɗa, da masu maimaita kansu bisa kari. Tana kuma da ƙofar fita da dawowa don a haɗa ta da wasu fedoji, kuma in aka danne ta da ƙafa tana riƙe sauti. Tsarinta dai na mamurɗai ne, ba ta ajiye saiti, wanda ke son wannan sai ya nemi wadda ta fi ta girma, SY-200 ta 2021, mai sautuka 171 da wurin ajiya 128. Bambancin da na ji tsakanin hanyoyin biyu shi ne, a SY-1 mutum yana zaɓa ne daga cikin abin da aka riga aka dafa, a jerin fedoji kuwa shi ne a bakin murhu. Mai shagon bai kushe ko ɗaya ba, ya ce in lissafa waƙoƙin da za mu yi in ga wacce hanya ta fi ɗaukar mafi yawansu.

Da na lissafa, sai na ga ina bukatar ogan da shimfiɗa a waƙoƙi da dama, waɗanda SY-1 ke bayarwa cikin sauƙi, ina kuma bukatar muryar gaba mai kauri wadda jerin ya fi iya bayarwa. Kuɗina ba su kai ga duka ba. Shi ne ya ba da shawarar in bar Freeze tunda SY-1 na riƙe sauti, in kuma jinkirta sayen OC-5, in fara da SY-1 da faz ɗinsa da Q-Tron+ da fedar ƙarar murya. Wato ya rage wa kansa ciniki da bakinsa, ya kuma ce in na dawo bayan bukukuwa ina son musanya wata da wata zai karɓa a kan ragi kaɗan.

Aikin wuta ne wurin da gwanintarsa ta tsohon ma'aikacin lantarki ta fi bayyana. Fedojin Boss bolt 9 suke ci, da adafta mai wayar negatif a tsakiya kamar yadda aka saba a irinsu, Q-Tron+ kuwa bolt 24 take bukata, saboda haka ya sa wa kowace waya tef mai launi dabam, ya kuma rubuta adadin a jiki don kada a yi kuskure cikin duhun bayan dandali. Ya gargaɗe ni a kan adaftocin da ke zuwa tare da kayan hannu daga Amurka, domin da yawansu an yi su ne don wutar bolt 120, tamu kuwa 230 ce, kuma ya nuna mini kwali guda cike da waɗanda suka ƙone. Ya ƙi yarda ya ja wuta daga adafta ɗaya zuwa dukkan fedojin da waya mai rassa, ya ce feda mai kwamfuta a ciki irin SY-1 tana cin wuta fiye da faz nesa ba kusa ba, kuma in suka haɗa hanya ɗaya ƙarar da take saki tana bi ta shiga sauran, faz kuma ta ninka ta. Akwatin wuta mai raba wa kowace feda hanyarta ya sa mini. Allon kansa na katako ne mai murfi, an liƙe wayoyin da dalma da kyau, an kuma yanke kowace daidai tsawon da ake bukata. Murfin ba ado ba ne, domin ƙurar hunturu in ta shiga cikin mamurɗai sai su fara ƙarar ƙaiƙayi duk lokacin da aka juya su.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya san su. Ya ce mini kwana huɗu, aikin ya kai kwana goma sha ɗaya, kuma sau biyu ina ƙetare gari in tarar da allon yadda na bar shi, saboda wani ya kawo amfilifayar coci da ake bukata ranar Lahadi. Na fahimci uzurin, amma kiran waya ɗaya da ya hutar da ni. Ba ya rubuta farashi, ba ya ba da rasit, kuma kuɗin da ya faɗa mini a ranar farko ya ƙaru a ranar karɓa da hujjar cewa dala ta motsa, ko da yake kayan suna kantarsa tun kafin in zo. Mun daidaita cikin mutunci, sai dai ina ba kowa shawarar ya sa a rubuta komai a takarda tun farko. Abu na uku ya shafi sautin kansa. Amfilifayar da ake gwaji da ita a shagon ƙarama ce, lasifikarta ba ta iya fitar da muryoyin can ƙasa, don haka abin da na ji a Kakuri ba shi ne ainihin abin da allon ke fitarwa ba.

Wannan na gano shi ne a wani ɗakin taro da ke Barnawa, wajen gwajin sauti kafin dinar farko. Da aka haɗa ni da manyan lasifikoki na buga sautin bas na SY-1, sai ƙasan ya cika ɗakin har tagogi na rawa, mai bas ɗinmu ya juyo ya dube ni, domin na shiga gonarsa gaba ɗaya, ba a jin sa ba a kuma jin ganga sosai. Sai da muka ɓata kusan rabin sa'a ni da mai kula da na'urar haɗa sauti muna rage ƙasan, muka kuma yi yarjejeniya cewa ba zan sauka ƙasa da tsakiyar wuyan jita ba in yana kaɗawa. Da mai shagon ya faɗa mini wannan tun farko, ko ya ce in zo da amfilifayar da nake aiki da ita, da an huta. Bayan an gyara kuwa, abin ya tafi fiye da yadda na zata. A lokacin shigowar amarya na riƙe shimfiɗa mai laushi ina tasar da ita da fedar ƙarar murya, wata daga cikin iyayen biki ta aiko a tambaya ina muka ɓoye mai fiyano. Wutar janareta ta yi ta hawa da sauka a daren, amma allon bai yi ƙara ba ko sau ɗaya.

Duk da haka kada wani ya ɗauka cewa wannan haɗi yana maye gurbin fiyano a komai. Fiyanon da ake amfani da ita a situdiyoyinmu tana fitar da ganga da kalangu da sarewa da muryoyi barkatai da taɓa maɓalli ɗaya, kuma makaɗinta yana da yatsu goma da hannu biyu masu aiki dabam-dabam. Allona ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sauya sauti tsakanin waƙa da waƙa yana bukatar in durƙusa in murɗa, har sai da na liƙa farin tef kusa da kowane mamurɗi na yi alamomi da biro. Haka nan salon kaɗawa dole ya sauya: jan tsirkiya da girgiza ta irin na mai jita suna tona asiri nan take, sai mutum ya koyi buga muryoyi a tsabtace, ɗaya bayan ɗaya, yana danne waɗanda ba ya so da gefen tafin hannu. Na fi wata guda ina wannan horo a gida kafin hannuna ya daina komawa tsohon halinsa.

Wanda zai fi cin moriyar shagon shi ne makaɗin da ya riga ya iya jitarsa, yake kuma da lokacin zama ya saurara, ko na coci ne ko na biki ko mai ƙaramin situdiyo da ke son wata murya dabam da wadda kowa ke ji a fiyano. Wanda ke gaggawa, ko yake son sabon kaya a kwali da takardar garanti, gara ya yi oda daga Legas. Mai zuwa ya tafi da jitarsa da amfilifayarsa, ya je da safe a tsakiyar mako lokacin da aikin coci bai taru ba, ya kuma ƙara mako guda a kan duk ranar da aka yi masa alkawari. Bayan bukukuwa na koma da allon saboda fedar ƙarar muryar ta fara ƙara, ya buɗe ta ya wanke mamurɗin cikin mintoci kaɗan, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce aikin hannunsa ne. A ranar na karɓi OC-5 ɗin da na bari, ya zare dukkan wayoyin ya matsar da faz gefe don ya samar mata wuri a farkon layi.